Yadda za ka raba borrow da lend

Jiya a Ƙofar Ƙaura na ji wani ɗan makaranta na ce ma abokinshi "borrow me your biro", wallahi abin na damuna don har manya ma haka suke faɗi. To ga dabara, borrow kai ne mai amsa, kamar ka ce na ari biro, lend kuma aikin mai badawa ne, wato ara mani. In kana son biron wani sai ka ce "lend me your biro" ko "can I borrow your biro", shi ke nan. Kuɗi ma haka, Bature bai raba rance da aro ba. In abin ya riga ya wuce lend ta koma lent, don Allah kar ka rubuta lended a jarabawar WAEC, maki zai tafi.