Yadda Ake Tsara Zama a Ƙaramin Ƙauyen Tsibiri Mai Nisa

Duk wanda zai zauna a ƙaramin ƙauyen tsibiri mai nisa, ko aka ɗora masa nauyin kula da al'amuransa, abin da ya kamata ya fara bincikawa shi ne tsawon lokacin da akan yi jirgi bai zo ba. Jadawalin da masu sufuri suka rubuta ba ya wadatarwa, domin iska da igiyar ruwa ba su san da shi ba. A tambayi dattawan wurin tazara mafi tsawo da suka taɓa gani tsakanin jirgi da jirgi, a ƙara mata makonni, sannan a gina lissafin ruwa da abinci da magani da mai a kanta. A tsibirin Tristan da Cunha da ke kudancin tekun Atilantika, inda mazauna ba su kai 300 ba, babu filin jirgin sama, tafiya daga Cape Town tana cin kusan kwana 6, kuma ko jirgin ya iso yakan tsaya nesa da gaɓa ya jira teku ya lafa kafin a sauke kaya da ƙananan jirage.

Ruwan sha ne ya fi cancantar dogon lissafi, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi tana ba da lita 1. Saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 60, a wurin da ake samun milimita 1,000 a shekara, zai tara lita 60,000, sai a cire kamar kashi ɗaya cikin biyar saboda yoyo da fantsama. Amma girman tanki ya dogara ne da tsawon lokacin da sama ke ɗaukewa. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a yini, don haka gida mai mutum 5 yana bukatar lita 75 kullum, wato lita 6,750 idan za a yi kwana 90 babu ruwan sama. Wannan na tsira da rai ne kawai. Mai hali ya ninka shi. A bar ruwan farko da ya wanke rufi ya zube ƙasa saboda ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe bakin tanki da raga don sauro, kuma tankuna biyu matsakaita sun fi ƙato guda ɗaya, domin in ɗaya ya tsage ko ya gurɓata akwai madogara. A kuma yi bututun da ke tsakanin indararo da tanki yadda za a iya zare shi da hannu cikin sauri. Lokacin da dutse ya yi aman wuta a ƙasar Tonga da ke tekun Fasifik a watan Janairun 2022, toka ta sauka a kan rufin gidaje ta ɓata ruwan tankuna da yawa.

Rijiya kuwa tana da nata sharaɗin, wanda baƙi ba su cika saninsa ba. A ƙaramin tsibiri, ruwan daɗi yana zaune ne a saman ruwan gishiri a cikin ƙasa, domin ya fi shi rashin nauyi. Kowace mita 1 da ruwan daɗi ya ɗara tsayin teku da ita, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Idan aka sa injin mai ƙarfi ya rage tsayin ruwan rijiya da ɗan kaɗan, ruwan gishiri zai taso daga ƙasa da ninkin wannan sau da yawa, kuma rijiyar da ta yi zartsi takan daɗe ba ta dawo ba. Don haka a haƙa rijiya mai faɗi marar zurfi a tsakiyar tsibiri, a riƙa ja a hankali, a kuma nisanta masai da ita da aƙalla mita 30.

Batun ajiyar abinci sananne ne: busasshe, a mazubi mai murfi da ɓera ba ya iya hudawa, a ci tsoho kafin sabo. Abin da aka fi mantawa shi ne kayan gyara. Yana da kyau mutanen ƙauye su daidaita su riƙa sayen injin jirgi da janareta iri ɗaya, ta yadda kayan wanda ya mutu za su tayar da wani, makaniki ɗaya kuma ya iya da su duka. Wutar sola tana rage dogaro da man da jirgi ke kawowa, kamar yadda tsibiran Tokelau da ke tekun Fasifik suka koma kanta a 2012, sai dai iskar teku tana cin ƙarfe da waya, saboda haka wanke faranti da duba mahaɗan waya aiki ne na kowane wata.

Wajen neman kuɗi, kuɗin dako ne ke yanke hukunci a kan abin da ya cancanci a sayar waje. Kaya mai nauyi, mai arha, mai saurin lalacewa ba ya fid da kuɗin jirginsa. A nemi abin da ba shi da nauyi, yana da daraja, kuma zai iya jiran jirgin da ya makara: kifin da aka busar ko aka daskarar, saƙa, da ayyukan da ake yi ta intanet. Mutanen Tristan da Cunha suna rayuwa ne galibi da babban jatan landen da suke daskararwa, suna ƙarawa da sayar da kan sarki ga masu tara shi a duniya. A ganina, yawon buɗe ido bai kamata ya zama ginshiƙi ba, ko da yana kawo kuɗi da sauri, domin a 2020, lokacin annobar korona, an ga yadda ya tsaya cak a lokaci guda. Ƙungiyar gama-kai tana da amfani ƙwarai a nan, domin haɗa oda wuri ɗaya yana rage dako, haka ma mallakar na'urar ƙanƙara tare. Ƙungiyar ce kuma za ta tsayar da dokar kamun kifi: lokacin da ake rufe wani yanki, girman idon raga, da hukuncin wanda ya karya. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa irin waɗannan dokoki sun fi ɗorewa idan masu cin moriyar ne suka tsara su kuma suke sa ido da kansu. A lura da yawan majiya ƙarfi kamar yadda ake lura da kuɗi. An kwashe mutum 36 na ƙarshe daga tsibirin St Kilda na Sikotilan a 1930, bisa roƙonsu, bayan matasa sun yi ta ƙaura har hannun aiki ya gaza.

Dokokin fita teku kaɗan ne, amma ba a sassauta su. Mai fita ya gaya wa wani inda za shi da lokacin dawowarsa, kuma a yi yarjejeniyar sa'ar da za a fara nema in bai dawo ba. Rigar kariya daga nutsewa a jiki take amfani, wadda ke ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa. A raba mai kashi uku, na tafiya, na dawowa, da na ko-ta-kwana. A riƙe rediyon oba-oba na VHF a tasha ta 16, wadda duniya ta keɓe don kiran neman agaji, kuma ƙauye ya mallaki na'urar da ke aika alamar neman ceto ta tauraron ɗan'adam a kan zango na megahaz 406. In jirgi ya kife, a manne da shi, domin masu nema sun fi saurin hango jirgi a kan mutum.

A fannin lafiya, a horar da aƙalla mutum biyu kan taimakon gaggawa, tunda ɗaya zai iya tafiya ko shi ma ya kwanta. Mai juna biyu ta ƙetara zuwa inda asibiti yake tun kafin watan haihuwa, musamman in cikin fari ne ko an taɓa samun matsala. Kowane gida ya san haɗin ruwan gishiri da sukari don gudawa: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ya janye ba bisa al'ada ba, alamar sunami ce, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa. A hau tudu da ƙafa nan take ba tare da jiran sanarwa ba, kuma kada a sauko bayan igiyar farko, domin ta baya takan fi ta girma. Mutanen tsibirin Simeulue na Indonesiya sun gaji wannan darasi daga kakanninsu tun bala'in 1907, shi ya sa a sunamin 2004 mutane ƙalilan ne suka rasu a can duk da kusancinsu da inda girgizar ta taso. A share hanyar tudun, a ajiye ruwa a sama, a gwada hawa da yara da tsofaffi har da dare.

Akwai wani ɓangaren tsaro da ba a son ambatonsa. Inda kowa ɗan'uwan kowa ne, sata takan yi ƙaranci saboda babu wurin kai kayan, amma cin zarafi a cikin gida yakan ɓuya, domin wanda za a kai wa ƙara shi ma dangin mai laifin ne. Shari'ar da aka yi a tsibirin Pitcairn da ke tekun Fasifik a 2004, inda aka sami maza 6 da laifin lalata da 'yan mata ƙanana a cikin al'ummar da ba ta wuce mutum 50 ba, ta nuna girman wannan haɗari. Wajibi ne a samar da hanyar kai ƙara ga hukuma ta waje wadda ba ta bi ta hannun shugaban ƙauye ba, wayar da za a kira da ita ta kasance a wurin da mace ko yaro zai iya zuwa shi kaɗai, kamar ɗakin shan magani ko makaranta, jami'in da ke zuwa daga waje kuma ya riƙa keɓe lokacin ganawa da mutane ɗaya bayan ɗaya a duk zuwansa.