Mai sauraren gajeren zango, kar ka yi saurin sayen sabuwar rediyo

Ƴan'uwa, idan rediyonka na ta shuuu, nemi siririyar wayar tagulla, kamar mita 10.

Fere bakinta ka naɗa a eriya, ka miƙa sauran waje zuwa bishiyar dogon yaro, can sama. Eriyar rediyo ta yi wa zangon mita 31 ko 41 gajarta, shi ya sa wayar ke ƙara mata ji.

Sannan ka nisanta rediyon da cajar salula da injin sola. Ni a gidana nan Maraɗi, caja ce ashe ke haddasa rabin ƙarar.

Kar wayar ta kusanci ta lantarki. Da hadari ya taso kuwa, cire ta maza saboda tsawa, don Allah. A FM ba ta cika taimakawa ba.