Yadda Ake Canza Batirin Ajiya a Tsohuwar Na'urar Gwajin Lantarki

Kada ka taɓa ƙarfen soda sai ka san abin da batirin nan yake riƙe da shi. A nan sababbin masu gyara suke asara. Sun buɗe na'ura, sun ga batirin NiCd (mai caji, na nickel da cadmium) ya yi farin gari a baki, sai su yanke shi nan take. A wasu na'urorin saitin mai amfani ne kawai zai goge, wannan da sauƙi. A wasu kuwa lambobin daidaita awo ne gaba ɗaya ke zaune a cikin RAM, ma'adanar bayanai da ke gogewa in ta rasa wuta, batirin kaɗai ke raya su. Mitar HP 3478A haka take, duk da cewa nata batirin lithium ne mara caji. Wutar RAM ta yanke na daƙiƙa guda, mitar ta daina faɗin gaskiya, kuma kuɗin sake daidaita ta na iya fin kuɗin da ka saye ta.

Don haka fara da littafin gyaran na'urar. Idan tana bari a kwashe lambobin ta GPIB, mahaɗar da ke sada ta da kwamfuta, kwashe su ka adana. Sannan auna tsohon batirin. In akwai sauran rai a cikinsa, haɗa wani batiri na wucin gadi ta hanyar dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) zuwa inda RAM ke shan wuta, ka auna ka tabbatar wutar na isa, kafin ka cire tsohon. Ka yi sodar wayoyin, ban yarda da maƙali mai bakin kada (crocodile clip) ba, yana suɓucewa daidai lokacin da hannunka ya motsa fanel, wato allon da kayan lantarkin ke kai. Wasu suna aikin da na'ura a kunne don kada RAM ta rasa wuta. Ban ba da wannan shawara ba: akwai wutar gida a ciki, kuma bakin ƙarfen soda mai waya yawanci a haɗe yake da ƙasa, da ya taɓa ƙafar batiri sai ya gajarce layin.

Wajen zaɓen sabo, ƙirga sel. Kowane sel na NiCd volt 1.2 ne, uku a jere 3.6. Mayar da irinsa in ka samu. NiMH, wani nau'in batiri mai caji, shi ma 1.2 ne, amma ba ya jure cajin ɗigo-ɗigo na dindindin kamar NiCd, don haka auna wutar cajin, in ta yi yawa ƙara girman rizista. CR2032, batirin lithium mai siffar kwabo, yana da araha, shi ya sa yake ruɗar mutane, alhali ba a cajinsa. Sa shi a layin da ke caji ba tare da dayod ba, zai iya kumbura ko ya fashe. Sayi sel mai ƙafafun da aka liƙa daga masana'anta, kada ka yi soda a jikin sel.

Farin garin nan sinadarin alkali ne (kishiyar asid), daga potassium hydroxide da ya zubo daga batirin, yana cin tagulla har ƙarƙashin koren fenti. Shafa farin khal (vinegar) da ƙaramin burushi, ɗauraye da tataccen ruwa, bi da sifirit na isopropyl, ka bari ya bushe sosai. Gwada kowane layi na kusa da mita, wanda ya tsinke ka ɗinke shi da siririyar waya.

Sabon batirin ni kan ja masa waya in ɗaure shi nesa da fanel, domin shi ma wata rana zai zuba. Duba ƙafafun batirin biyu, tabbatar ƙari (+) na wajen ƙari, cire na wucin gadi, rubuta kwanan wata a jikinsa. Tsohon kuma a kai shi wurin tara matattun batura, cadmium guba ne.