Kafin ki hana a yi wa ɗanki allura saboda saƙon WhatsApp

Da zarar iskar hunturu ta fara tada ƙura a Yamai, sai saƙonnin murya su cika wayoyi: wai allurar rigakafi tana hana haihuwa, wai gwaji ake yi da ƴaƴanmu. Tsoron yana da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sankarau a Kano, a 2015 kuma an gano jabun allurar sankarau a nan Nijar. Sai dai a 2003, da Kano ta dakatar da ɗigon shan inna kusan shekara guda, cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Don haka shakka ba laifi ba ce, amma a kai ta inda ake da amsa.

Fara da saƙon kansa. Wa ke magana, a wace likita yake aiki, yaushe aka naɗa muryar? In babu ko ɗaya, kada ki tura wa kowa. Ki kai wayar CSI, wato ƙaramar likitar unguwarku, ki kunna wa majo, shugaban wurin, ya ji.

Ranar allura ki nemi ganin kwalbar, haƙƙinki ne. A jikinta ko kan murfinta akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya lau. In launinsu ya zama ɗaya ko ya fi ta duhu, zafi ya lalata shi, ba a yi da shi. Ana ajiye yawancin alluran cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, shi ya sa wadda aka saya hannun mai talla a kasuwa ba abin yarda ba ce ko da ta gaske ce. Ta BCG, wato ta tarin fuka, da ta ƙyanda, in an haɗa su da ruwansu, bayan awa 6 zubarwa ake yi. Ki duba ranar ƙarewar wa'adi, ki ga an fasa sabon sirinji a gabanki, a rubuta kwanan wata a katin yaron.

Bayan allura ki ɗan zauna minti 15 kafin ki tafi. Masassara ta kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi a cinya ba abin tashin hankali ba ne, ki ci gaba da ba shi nono. BCG takan yi ɗan ƙurji bayan wasu makonni ta bar tabo. Kada a matse, kada a shafa komai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne da damina: yaro ya kamu da masassarar cizon sauro a makon da aka yi masa allura, sai a ɗora wa allurar laifi, a zauna gida ana jiƙe-jiƙe. Gwajin jini na yatsa yana raba gardama cikin minti 15 zuwa 20. Amma in yaro ya fara jijjiga, numfashi ya yi masa wuya, fuska ta kumbura ko ya ƙi kama nono, a koma likita nan take, ko da tsakar dare ne, tare da katinsa.