Kafin ka kawo kare gidan da akwai yara, ga abin da ya kamata ka duba

Yanzu kare ya shigo gidajenmu fiye da da, musamman a sababbin unguwanni na bayan gari inda ɓarayi ke haura katanga, sai magidanci ya ga gara ya ajiye kare ko ya samu barci. Wasu kuma yara ne ke matsa musu lamba, sun gani a waya ko a gidan maƙwabta sun ce sai Baba ya sayo musu. Ko ma dai menene dalilinka, in dai akwai ƙananan yara a gidan to zaɓen kare ba abin gaggawa bane, don dabbar da zaka kawo zata iya yin shekara 10 zuwa 13 tare da ku, wato yaron da yake rarrafe yau zai shiga sakandare karen na nan.

Ga Musulmi akwai maganar addini tun farko. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya halatta ajiye kare don farauta ko kiwo ko gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kai idan akwai buƙata, sannan a Malikiyya kare mai rai ba najasa bane duk da dai ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Ka tambayi malaminka ka samu natsuwa. Shi yasa a yawancin gidajenmu karen a tsakar gida ko bakin get yake kwana ba cikin ɗaki ba, to ka tabbatar kana da filin da zaka yi masa makwanci mai inuwa da kwanonsa daban kafin ma ka fara tambayar farashi. Kuma ka yi shawara da uwargida, don ita ce ke wuni da yaran da karen in ka fita.

Babban abin da nake so mutane su gane shi ne hali ake zaɓa, ba suna ko girman jiki ba. Mai sayarwa zai ce maka "Alhaji wannan mugu ne, ko kaza bata shiga gidanka", yana ganin talla yake yi maka, amma a gidan yara wannan maganar ita ce dalilin da zaka juya ka tafi. Karen da baya barin kaza ba zai bar ɗan maƙwabci da ya shigo ɗauko ƙwallo ba, ko almajirin da ke yi muku aike, ko baƙin da suka zo suna da goyonsu. Abin da ke korar ɓarawo haushi ne, ya ji an farka an kunna fitila, kuma kare mai sanyin hali ma yana haushi da daddare in ya ji baƙon motsi.

Ta ɓangaren iri kuwa, gaskiya ni karen gida namu na gargajiya nake fara ba mutane shawara, wannan mai gajeren gashi da ake rainawa. Ya saba da zafinmu, baya yawan ciwo, tuwo da ragowar abinci da ɗan kan kifi sun riƙe shi, kuma in ya tashi cikin yara tun yana ƙarami yana sanin 'yan gida sosai. A Nijar da Mali akwai irin da ake kira Azawakh, dogo siriri na Buzaye, shi ma ɗan sahel ne zafi baya damunsa, sai dai yana son wajen gudu kuma baya sakin jiki da baƙi, gida mai ƙaramin fili ba zai ishe shi ba.

A cikin na waje, Labrador da Golden Retriever su aka fi sani da haƙuri da yara, yaro zai faɗa musu a jiki su share, amma suna da ci kuma suna son wasa kullum, ga shi wajen gadi basu da zafi. German Shepherd, wanda muke cewa karen 'yan sanda, yana da kaifin ƙwaƙwalwa yana haɗa gadi da zama da iyali, amma fa sai an horar da shi an riƙa fita da shi yawo, in aka bar shi ba aiki sai ya koma tona rami da yaga shanya. Su Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler da Caucasian da samari ke yayi yanzu, ni dai bana ba wanda bai taɓa riƙe kare ba shawarar ya fara da su, Boerboel namiji yana iya wuce kilo 60, ko da wasa ya bangaje yaro ɗan shekara 4 an tafi asibiti, ballantana kuɗin abincinsa. Husky kuma don Allah a bar shi, karen ƙanƙara ne daga Saiberiya, kawo shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zalunci ne, haka masu lotsattsen hanci irin su Pug numfashi yana musu wuya a zafi. Ƙananan nan masu gashi buzu-buzu kamar Lhasa da Eskimo suna da kyau a ido, amma ƙanƙanta ba haƙuri bane, da yawansu suna saurin kai cizo in yaro ya matse su, ga gashin yana ɓoye kaska.

In ka je saye kar ka yarda a kawo maka ɗan kwikwiyo a kwali a bakin titi, ka je gidan da aka haife shi ka ga uwar da idonka. In karyar ta zo tana kaɗa bindi tana shinshina ka to alama ce mai kyau, in kuwa sai an riƙe ta da sarƙa tana zabura ko ta ɓuya tana rawar jiki, 'ya'yan ma akwai yiwuwar su ɗauko. Kar a raba shi da uwa kafin ya kai sati 8, a nan ne yake koyon iyakar cizo wajen wasa da 'yan uwansa. Sai ka tsuguna ka ɗan tafa hannu ka gani, wanda ya taho da natsuwa ya shinshina hannunka ya bari ka shafa bayansa ka taɓa ƙafarsa da kunnensa ba tare da gurnani ba shi ake nema. Wanda ya maƙale a lungu yana tsoro ka bar shi ko ya baka tausayi, kare matsoraci yana yawan cizo in ya girma. Duba ido ba kwantsa, hanci ba majina, dasashi ja-ja ba fari fat ba, fata ba ƙazuwa, cikin bai kumbura da tsutsa ba, gindin bindi ba alamar zawo.

Sai katin riga-kafi, wannan kam ba sassauci. Allurar farko ana yinta ne wajen sati 6 zuwa 8 a maimaita bayan 'yan makonni, tana kare shi daga cututtuka irin su parvo mai sa amai da zawon jini da ke kashe kwiyakwiyai cikin kwanaki. Ta ciwon haukan kare kuma a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ne ke wasa da karnuka kuma su ne ke ɓoye cizo don tsoron duka. Da zarar alamun ciwon sun bayyana kusan ba a tashi. Allurar ba wuyar samu take ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yinta, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, ga na koyarwa a jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ta Usmanu Danfodiyo Sakkwato da ta Maiduguri. Ka kai katin wajen likitan dabbobi ya duba, don akwai masu cika kati da biro kawai. A nan kuma zai baka tsarin maganin tsutsa da na kaska da ƙuma, tsutsar kare tana iya kama yaron da ke wasa da ƙasa, don haka a riƙa kwashe kashinsa kullum.

Bayan ya shigo gida aikin ya koma kan yaran. A zaunar da su a gaya musu ba a taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, ba a jan bindi ko kunne, ba a hawa bayansa, ba a jifansa, kuma in ya zo da gudu a tsaya cak kar a ruga. In ka ga ya taurare jiki ya kwantar da kunne yana gurnani ƙasa-ƙasa to gargaɗi yake, a janye yaron, kar a doke shi don ya yi gurnani, in ka hana shi gargaɗi wata rana cizon kawai za a gani. Jariri da mai rarrafe kuwa ba a barinsu da kare su kaɗai komai kirkinsa, ko na shiga kicin a fito ne.

Wani abu da ke damuna shi ne yadda ake kulle kare a keji mai duhu ko a ɗaure shi a rana wuni guda wai don ya yi zafi. Zafin zai yi, amma ranar da ya kuɓuce ba ɓarawo zai tarar a tsakar gida ba. A bar shi ya san 'yan gida da mai gadi da mai kawo ruwa tun yana ƙarami, a ajiye masa ruwa mai tsafta kullum, kar a bashi albasa ko cakulan ko inabi ko dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa a ciki.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko da ƙaramin rauni ne, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a tafi asibiti a ranar, kar a tsaya shafa magani a gida. A tafi da katin allurar karen, shi kuma a killace shi ana lura da shi kwana 10 maimakon a kashe shi nan take, don likita zai so ya san halin da yake ciki.