Yadda za ku shirya taron tunawa da yaƙin Tirmini a garinku

Yaran lakwal da yawa a nan Damagaram sun san Tirmini gari ne da ake wucewa a kan hanyar Maraɗi, amma ka tambaye su me ya faru can a ƙarshen watan Yuli na 1899, sai su yi shiru, alhali nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa da kibau da masu da dawaki da bindigogin gargajiya, aka ci su da yaƙi saboda makaman ba ɗaya ba ne, daga nan Nasara suka shigo Zinder. Wallahi abin yana damuna. In ku ma 'yan fada ko ƙungiyar matasan garinku kuna son yin wani abu a kai, ga yadda nake ganin za ku ɓullo masa.

Kada ku fara da neman sono da kujeru, ku fara da tsofaffi. Ku raba kanku biyu-biyu, ku ɗau goro da sukari da ganyen shayi, ku je wurin dattijo bayan la'asar lokacin da ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ku gaida shi yadda ya kamata, kuce Baba mun zo ne ka ba mu abin da ka ji daga bakin kakanninka. Ku nemi izini kafin ku kunna rikoda ta waya, kuma in ya fara kada ku katse shi ko da ya kauce ya shiga labarin yunwa ko na fatake, a cikin kaucewar nan ne ake tsintar sunan rijiya ko tsamiyar da aka yi zango. Kar ku manta da tsofaffi mata, su ne ke riƙe da waƙoƙin daka da niƙa, kuma sau da yawa su suka san wane gida ne ya gudu ya koma ina. Maroƙa da makaɗan fada ma haka, kirarin sarakuna a bakinsu yake. Wannan aikin zai iya cin wata biyu, ku bar shi ya ci, domin shi ne taron, sauran duk ado ne.

Abin da kuka tara sai ku kai wa mushen tarihi na kolej ko wani malami a jami'ar André Salifou ya jera muku shi da shekaru. Ƙashin bayan labarin dai sananne ne: a watan Mayu 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder, a 1899 ayarin hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan ya taso daga yamma yana ƙone garuruwa, ya kara da Sarauniya a Lugu, ya yi ɓarna a Birnin Ƙonni, su biyun sojojinsu ne suka kashe su wajen Maijirgi, ragowar ayarin ne ya iso Tirmini. Shi kuma Kuran Daga bayan ya fita daga birni aka bi shi aka kashe shi a Rumji a watan Satumba na shekarar. In maganar dattijo ta saɓa da ta takarda kada ku goge tasa, ku faɗi duka biyun a wurin taro.

Sai izini. Mai gari ko hakimi tukuna, sannan liman, sannan ku rubuta takarda zuwa meri, jandarmomi ma su san da zancen. In kuna son kakaki da algaita da dogarai to wannan sai ta hannun fada, ba a aika yaro, manya ake turawa.

Maganar rana kuma, ni dai ban ba ku shawarar yin babban taro a ƙarshen Yuli ba, damina ce tsaka, kowa na gona da hauya, ga hadari na iya tasowa ya kwashe rumfa. Ku yi saukar Alƙur'ani da addu'a ga waɗanda suka rasu a ranar, babban taron ku kai shi bayan kaka, lokacin sanyi, hatsi na rumbu, 'yan cin rani ba su gama watsewa ba. Kuɗi ku yi karo-karo, mai jika mai dala ɗari, a rubuta a karanta a bainar jama'a. Ɗan siyasa in ya ba da a karɓa, amma ba a ba shi makirfo ya yi kamfe.

Ranar taron a buɗe da addu'a, a zaunar da dattawa a inuwa gaba, a ba su magana tun da hantsi kafin su gaji. Sannan wasan kwaikwayo, wanda mu nan ba sai an koya mana ba, garin da ke wasan kara ai ya iya kwaikwayon sarki da soja. Yara su yi bindigogi da dawaki na kara, amma ban da wuƙa ta gaske, ban da harba bindigar maharba cikin taro. Gidajen da suka aje sulke ko takobi ko kwari da baka na gado a roƙe su su kawo, mai kayan ya zauna kusa da abinsa ya yi bayani da kansa, kar a ce za a kwana da su a wani wuri.

Abu guda da nake roƙo, a faɗi gaskiya duka. Mafi yawan sojojin da suka yi harbi a Tirmini baƙaƙen fata ne da Faransa ta ɗebo daga yamma, kuma Damagaram ita ma ta kai yaƙi ƙasashen maƙwabta har da Kano zamanin Sarki Alu. A faɗe shi ba tare da an nuna gidan kowa da yatsa ba, don jikokin kowane ɓangare suna zaune a wurin.

Bayan an watse, muryoyin da kuka ɗauka kada su tsaya a waya ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa. Ku kwafa a katin memori uku, ɗaya wurin mai gari, ɗaya lakwal, ɗaya ku kai gidan rediyon gari su riƙa sakawa da dare, kowane da sunan mai magana da garinsu da ranar da aka ɗauka.