Kafin ka sa adda a bishiyar gidanka a Ingila

'Yan uwa na Kebbi da Zamfara da ke shigowa Ingila, karatu ko aikin asibiti, Allah ya sa kun iso lafiya. Batun asusun banki da rajistar likita da katin bas ba zan ɓata muku lokaci a kai ba, duk wanda ya tarbe ku a filin jirgi zai nuna muku cikin mako guda. Maganar da ba wanda ke tunawa ya faɗa wa baƙo ita ce ta bishiyar da zai tarar a lambun gidan da ya kama, musamman in ya bar ɗakin tsakiyar gari ya koma unguwannin gefe, inda kowane gida ke da ɗan fili gaba da baya.

Mu da muka tashi a Argungu ko Talata Mafara, dogon yaron ƙofar gida namu ne. In ya yi duhu a kira yaro ya hau ya sassare, a yi rumfa da rassan, ragowar ya tafi murhu, baɗi ya sake tohowa. A nan kuwa bishiya na iya tsayawa a tsakiyar filin da ka saya da kuɗinka, amma ba ka da ikon cire mata reshe ko ɗaya sai da takarda.

Ƙananan hukumomi na da iko, ƙarƙashin dokar tsara birane ta 1990, su ɗora wa bishiya umarnin kariya da ake kira TPO. Ba a liƙa mata alama, ba fenti, ba allo. Da ido ba za ka bambanta ta da sauran ba. In tana da wannan kariya, sarewa ko rage tsawo ko yanke saiwa duk laifi ne sai ka nemi izini a rubuce, kuma hukuma na da mako 8 kafin ta ba ka amsa. Neman izinin kyauta ne, ko sisi ba ka biya, abin da ke ba ni haushi ke nan idan na ga mutum ya faɗa rami saboda ƙyuyar cike fom. Akwai kuma unguwannin da aka ware don kare tsohon fasalinsu. A can ko bishiyar ba ta da TPO, muddin kaurin gangar jikinta ya wuce milimita 75 idan aka auna a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, sai ka ba da sanarwar mako 6 kafin ka taɓa ta. Wanda ya sare bishiya mai kariya, a da tararsa a ƙaramar kotu ba ta wuce fam 20,000, tun 2015 kuwa an cire iyakar, sannan dole ya dasa wata a gurbin. Ko bishiyar mai kariya ta mutu murus, ana son ka sanar da su kwana 5 na aiki kafin ka kayar da ita.

Kada ma ka yi saurin yanke hukuncin cewa ta mutu. Wanda ya sauka a watan Disamba zai ga itatuwa tsirara, ba ganye ko ɗaya, ya ɗauka sun bushe. Tamkar gawo ne da ke kaɗe ganyensa da damina alhali lafiyarsa ƙalau, sai dai su nasu lokacin hunturu ne. Jira watan Afrilu ka gani.

Ga mai haya kuma akwai wani shingen kafin na hukuma, wato mai gidan. Yawancin yarjejeniyoyin haya na ɗora maka yanke ciyawa da share ganye, amma manyan bishiyoyi hurumin mai gida ne. Wani ɗan'uwanmu daga wajen Ƙaura Namoda, mutum kamili, aka yi masa haihuwa a wajen Manchesta, ya so kafa rumfa a lambu don taron suna. Reshe biyu suka tare wurin. Ya aro zarto, ya taka kujera, kafin azahar ya gama. Na isa na tarar da rassan jibge gefen shinge, wurin yankan fari tas, ɓawon ya tsage har ƙasa domin ya yanka daga sama kawai, nauyin reshen ya ja fatar ya sauko da ita. Na ce, "Alhaji, ka tambayi mai gida?" Ya ce, "Haba Malam, don ɗan reshen icce?" Tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi tana tsaye a tagar sama tana kallo tun farko. Sunan bai zagayo ba sai da wasiƙar wakilin mai gida ta iso. Allah ya taimake shi bishiyar ba ta cikin masu kariya, amma kuɗin ajiyarsa na haya sun tafi wajen biyan ƙwararren da ya zo gyara yankan. Jama'armu, Allah ya saka musu, suka yi karo-karo a zauren WhatsApp kamar yadda suka saba, ba wanda ya yi masa gori. Ni dai na ce kuɗin nan da marayu aka kai wa da sun fi amfani.

Saboda haka komai a rubuce. Ka ga reshe ya tsage, ko naman kaza na tsirowa a gindin bishiya, ko ƙasar da ke kewaye da saiwa ta ɗaga bayan iska, ɗauki hoto ka aika wa mai gida ta imel, ka ajiye kwafi. Magana ta waya ba shaida ba ce ranar da reshen ya faɗo kan motar maƙwabci.

In kana mamakin wannan tsanani, tuna da bishiyar nan ta kusa da Katangar Hadiriyan, tsohuwar katangar da Rumawa suka gina a arewacin Ingila, da aka kayar cikin dare a watan Satumba na 2023. Ƙasar ta ɗauka kamar an yi rasuwa, kuma a 2025 kotu ta ɗaure mutum biyu shekara huɗu da wata uku kowannensu.

Wanda Allah ya hore wa ya sayi gida, sai ya san cewa bishiyar da mai gidan farko ya dasa shekaru ashirin ko talatin baya yanzu take kai ƙarfinta, kuma yanzu take buƙatar mai sana'a. Ana ce musu likitocin bishiya. Nagari a cikinsu zai zo ya zagaya ta, ya dubi inda manyan rassa suka haɗu da gangar jiki, ya ba ka farashi a rubuce, ya nuna maka takardar inshora da shaidar horon injin zarto, sau da yawa ma shi zai nema maka izinin hukuma. Ƙungiyar masu sana'ar, Arboricultural Association, na da jerin waɗanda ta tantance. Aikin na cin ɗaruruwan fam, don haka nemi farashi daga mutum biyu ko uku. Amma duk wanda ya ce zai guntule kan bishiyar gaba ɗaya, sallame shi: tohon da ke biyo baya ba shi da ƙwari, wurin yankan kuma ruɓewa yake yi.

Waɗanda ke ƙwanƙwasa ƙofa da farar mota su ce suna aiki a layin ne suka hango bishiyarka za ta faɗi, kuɗi hannu, ba rasit, ku guje su. Sun san baƙo da gani. Za su kwashe rassan su zubar a bakin wata gona, in aka gano daga gidanka suka fito kai za a ci tara, domin doka ta ɗora wa mai gida tabbatar da cewa mai kwashe masa shara na da rajista.

Lokacin aiki ma da ƙa'idarsa. Daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye na sheƙa, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita. In bishiyarka irin wadda Turawa ke kira ash ce, ka sa ido sosai, domin tun 2012 aka tabbatar da wata cutar da ke busar da ita daga sama, rassanta su yi gautsi har masu sana'ar kan ƙi hawanta sai da mota mai ɗaga mutum. Masu zama Landan da kewaye, ƙasarku yumɓu ce. A shekarar fari manyan itatuwa kan tsotse ruwan ƙarƙashin gini har bango ya tsage. Kamfanin inshorar gidanka za ka fara kira, kada ka yi gaggawar sarewa, don cire babbar bishiya farat ɗaya kan sa yumɓun ya kumbura ya ɗaga ginin.

Reshen maƙwabci da ya ƙetaro maka kana iya yanke shi daidai kan iyaka, in ba shi da kariya, ba tare da ka taka filinsa ba. Amma reshen da 'ya'yan da ke jikinsa nasa ne, sai ka yi masa tayi, kada ka wurga masa ta kan shinge. In kuwa reshe ya taɓa wayar lantarki, ko tsani kada ka jingina, buga 105, lambar kyauta ce ta masu kula da layin wuta.